Dawar da Ta Tare Muryar Baba

Duk wanda ya ce maka babu ruwan dawa da ilimin kwamfuta, bai taɓa yin damina a garinmu ba. Ni da hannuna na shuka ta, na yi mata firi, na yi maimai, na zuba mata takin da na tara tun kaka, ita kuma da ta ji ƙarfi sai ta miƙe tsaye ta nemi ta kunyata ni a gaban Goggo da matan unguwar gabas gaba ɗaya.

Amma bari in fara da Baba. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, shi ne mai tafsirin azumi a masallacin garinmu, kuma mutum ne mai son rikoda kamar me. Kullum kafin ya buɗe littafi sai ya ajiye ta kusa da gwiwarsa ya danna da babban yatsa. Da ya rasu ya bar mana gona, da littattafai, da kaset cike da adaka, waɗanda in aka warware zarensu za a iya ɗaure Ɗambatta da Bici a ja su su haɗu. Ƙannena suka raba littattafan. Ni kuwa aka turo mini adakar, wai ni ne mai kwamfuta, tunda ita nake koyarwa a sakandaren bakin titi.

Na daɗe ina juye kaset ɗin nan cikin wata tsohuwar kwamfuta da na saya a Kano, mai fanka mai ƙara kamar injin ban-ruwa. Da aiki ya yi nisa sai tambaya ta taso: ta yaya mutane za su ji? Kowa na da waya, har tsofaffin da ba su iya karanta lamba ba, amma data ba kowa ke da ita ba, sabis kuma sai ka hau tudu ka ɗaga hannu kamar ɗalibi mai neman izinin fita. Garinmu kuwa ba gari ne mai layi-layi ba. Gida ne, sai gona, sai gida, sai gona, haka har iyakar ganinka. Da rani, in an kwashe kara, daga ƙofar gidana kana hango wanda ke cin tuwo a unguwar gabas, har ka gane ko miyar kuka ce ko ta kuɓewa.

Sai na sayo eriya irin ta wayifai, na ɗaure ta a kan gora, na kafa gorar a saman darbejiyar ƙofar gida, na haɗa da farantin sola da batir. Duk wayar da ta kama ta, kyauta, sai ta buɗe shafi, ga jerin karatun Baba, mutum ya danna ya saurara. Kwamfutar da ke zaune tana jiran a roƙe ta ta bayar, masana suna ce mata saba. Akwai manhajojin saba na kyauta da ƙwararru suka daɗe da rubutawa, kowa na iya ɗauka. Ni kuwa na ce muryar Baba ba za ta fita ta ƙofar da wani ya sassaƙa ba. Na naɗe hannun riga na rubuta tawa.

Waya da saba suna da ƙa'idar da suke magana da juna a kanta, an rubuta ta da wani Turanci wanda in ka karanta shafi uku barci zai zo maka da tabarmarsa da matashinsa. Amma na daure na karanta. Na tarar sun kasa dokokin gida uku: akwai wanda dole ka yi, akwai wanda ya kamata ka yi, akwai wanda in ka ga dama. Ɗan malami ne ni, nan take na gane gida: farilla, sunna, nafila. Na yi farilla duka ban bar ko ɗaya ba, na tsakuri sunna, nafila kuwa na ɗaga mata hannu daga nesa.

A cikin nafilfilin nan akwai wata 'yar ƙarama. In magana ta katse a tsakiya, waya takan ce wa saba: na riga na karɓi na baya, ba ni daga wuri kaza zuwa gaba. Saba tana iya yarda ta yanko mata daga nan, tana kuma iya yin kamar ba ta ji ba, ta sake turowa tun daga farko. Duka biyun ƙa'ida ta halatta. Na leƙa ta taga, na ga fili fetal har gabas, ko tsinke babu a tsakani. Na ce me zai katse? Na tsallake.

A taron sunan ɗan taubashina na yi sanarwa. Taubashin nan nawa ɗan Goggo ne, ƙanwar Baba, tun muna yara kowa ke cewa ɗan'uwansa ne bawansa, har yau ba a yanke hukunci ba. Na miƙe bayan an raba goro na ce daga azumin bana muryar Malam za ta shiga kowane ɗaki na garin nan ta iska, ba da ƙafa ba, ba da data ba. Na ƙara da cewa ko rijiya mutum ya faɗa, zai ji tafsiri kafin a kawo igiya. Maza suka yi dariya. Abin da na manta shi ne katangar gidan gajera ce, mata suna ciki, kuma Goggo kunnenta na jin tafiyar tururuwa.

Azumi ya zo, abu ya yi aiki. Wallahi ya yi aiki har ni kaina na riƙa zagayawa bayan kwamfutar ina duba ko wani ne ke taimaka mata. Bayan la'asar in ka bi gari sai ka ji Baba na fassara daga wannan gida, yana wa'azi daga wancan, yana addu'a daga na gaba, kai ka ce bai taɓa barin garin ba, yawa ma ya ƙara. Aka koma ce mini Injiniya. Mai shayi ya fara ƙara mini madara ba tare da na tambaya ba. Taubashina kaɗai ya ce aljanu na ɗaure a akwati, kuma ranar da za su nemi albashi yana nan zuwa.

Goggo ta saurari duka, amma duk sanda na je gaishe ta tambayarta ɗaya ce: ina kaset ɗin rufe tafsiri na shekarar da mijinta ya rasu? A shekarar tana takaba, ba ta ko leƙa zaure. Aka zo aka ba ta labari cewa ranar rufewa yayanta ya yi wata magana a kanta, ya yi mata addu'a, har manyan maza suka riƙa share ido da bakin rawani. Kowa ya faɗa mata yadda ya tuna, babu biyun da suka zo ɗaya. Baba na da rai shekara da shekaru bayan haka, amma kunya ta hana ta ce masa ya kunna mata. Ni kuma na birkice adaka ciki da waje, ban ga kaset ɗin ba.

Sai da damina ta yi tsakiya uwargida ta fitar da kaya tana shanyawa saboda danshi, ta tsinci kaset ɗin a cikin aljihun wata tsohuwar jabbar Baba. Na juye shi a ranar, na ɗora a kan saba, na aika wa Goggo cewa ta danna na ƙarshen jeri. Na koma na kishingiɗa ina jiran a aiko mini da kaza.

Wanda ya zo taubashina ne, hannu biyu a baya. Ya tsaya a ƙofar gida, bai yi sallama ba, sai ya yi tari sau biyu, ya daidaita murya ya ce, "A matsar da akuyar nan daga kan tabarma." Sannan ya ce Goggo na kira na.

Abin da ya faru shi ne wannan. Tsakanin darbejiyata da gidan Goggo gonata ce. A shekarar dawar kaura na shuka, kuma tun da aka haife ni ban ga dawa ta yi irin haka ba. Tsuntsu in zai sauka a kanta sai ya huta a rabin hanya. Ganyenta faffaɗa ne, kullum jiƙe da raɓa ko ruwan sama, kuma jiƙaƙƙen ganye yana haɗiye wayifai kamar yadda rairayi ke haɗiye ruwa. In iska ta kwantar da dawar sai hanya ta buɗe, magana ta wuce. In dawar ta miƙe sai ta katse. Duk katsewa waya ta ce ba ni daga inda muka tsaya, sabar tawa kuma ta yi kamar ba ta ji ba, ta koma farko. Farkon kaset ɗin kuwa Baba ne ya yi tari sau biyu, ya ce a matsar da wata akuya, sannan ya fara. Goggo da matan da suka taru a ɗakinta sun wuni suna jin tari da akuya. In sun yi sa'a su kai rabin gabatarwa, sai dawa ta miƙe, sai tari.

Na je na durƙusa a bakin ƙofarta, na yi gaisuwa mai tsawo don in jinkirta abin da ke tafe. Ni aka sa wa sunan kakanmu, wato mahaifinta, don haka ba ta kiran sunana. Na ce ta ba ni wayar in kai gida in zuba mata karatun kai tsaye, ko in kawo mata shi a memori, ga shi ma a aljihuna.

Ta dube ni daga hula zuwa takalmin da na tuɓe a waje. Ta ce, "Mai sunan Baba, ashe iskar taka ƙafa gare ta."

Matan ɗakin suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Ta ce ba ita kaɗai ce a bayan dawar nan ba, akwai gidaje da yawa, akwai tsofaffin da ba sa fita, kuma ni na tashi a bakin mutane na ce ta iska, ba wanda ya sa ni. Wayarta kuma ba ta kwana a hannun wani, ba ta ma wuni.

Na koma na gwada dabarar da kowane ƙato zai fara gwadawa: ƙara tsawo. Na haɗa gora biyu na ɗaure da igiyar roba, eriya ta yi sama har na fara tausayin jiragen da ke wucewa. Gidan Goggo a ɗan kwari yake, bai amfana da komai ba. Hadarin da ya biyo baya ya karya gorar, ta sauko ta huda rufin madafin uwargida. Na kwana biyu ina cin tuwo mai sanyi da kallo mai zafi.

A nan ne taubashina, Allah Ya shirye shi, ya zauna ya yi wa mahaifiyarsa bayanin kimiyya. Ya ce mata laifin dawa ne, kuma gaskiya ya faɗa, abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Goggo ba mai dogon tunani ba ce in ta ga hanya. Ta aiko cewa a yanke dawar, a buɗe layi daga gindin darbejiya har ƙofar gidanta, faɗin da amalanke zai wuce. Za a yi gayya ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ita da kanta za ta dama kunu.

Wanda ba ɗan garinmu ba zai ce in ƙi mana, ba gonata ba ce? To Goggo ita ce ta goye ni, ita kaɗai ta rage a cikin 'yan'uwan Baba, kuma gonar ma akwai rabonta na gado a ciki da ta bar mana ba ta taɓa ko ambata ba. In ta ce a yanke, yankewa za a yi, ni ma sai in riƙe lauje in yi murmushi. Layin da ta zana kuwa ta tsakiyar gonar ya bi, inda takin ya fi yawa, inda dawar ta riga ta yi ciki tana shirin fitar da kai. Tuwon gidana na rabin shekara ke nan a tsaye.

Taubashina yana kiwon wani ƙaton sa, kuma ganyen dawar in an yanke shi zai ci. Kowace safiya sai ya zo ƙofar gidana da laujensa da dutsen wasawa, wai inuwar darbejiyata ta fi daɗin wasa ƙarfe. Yana wasawa yana kallon dawar yana cewa sansa na gaishe ni, kuma ya ce a gode mini da ɗawainiya.

Na san maganin, domin ni na tsallake shi da idona. Na buɗe ƙa'idar nan na koma wurin nafilar da na ɗaga wa hannu. Matsalar ita ce batirina ya tsufa, damina kuma rana ba ta da alƙawari. In ta leƙo sai in ruga in kunna kwamfuta, in gajimare ya rufe sai in kashe in zauna ina hararar sama. Ban taɓa sanin mutum zai iya yin fushi da girgije ba sai a makon nan.

Aikin da kansa ba mai yawa ba ne, sai dai yana son natsuwa. Da farko saba ta riƙa sanar da kowace waya cewa tana sayar da tsakure, ba sai buhu guda ba. Sannan in waya ta ce daga wuri kaza, saba ta karanta lambar, ta je daidai wurin a cikin fayil, ta yanko daga nan. Amsar ma lambarta daban ce: in duka aka bayar ɗari biyu ake cewa, in yanki ne ɗari biyu da shida, a kuma faɗi daga ina zuwa ina aka yanko, da girman abin gaba ɗaya. Manomin da aka kira salla yana tsakiyar kunya ya san wannan tun kafin a ƙera kwamfuta: ya kafa fartanya a inda ya tsaya, in ya dawo ya ɗora.

Na rubuta, na gwada, waya ta karɓa har ƙarshe, sannan ta tsaya tana juya ido ba ta ce an gama ba. Na duba, na sake dubawa. Ashe kwamfuta daga sifili take fara ƙirga, ni kuma na rage ɗaya inda bai kamata ba, kullum sai in ba ta awo saura ƙwaya guda. Wayar kuwa ta fi ɗan kasuwar hatsi na Ɗambatta taurin kai, ta ƙi ɗaure buhu sai ƙwayar nan ta cika. Na cika mata.

Gwaji na gaskiya a cikin dawar na yi shi. Na shige tsakiyarta da waya, in tsuguna in tashi, in tsuguna in tashi, don magana ta riƙa katsewa. Wani maƙwabci da ya hango ni ya je gida ya ce wa uwargida a nema mini jiƙon ciwon ciki. Amma duk katsewa Baba sai ya ɗora daga inda ya tsaya. Na fito daga dawar jiƙe sharkaf, ƙaiƙayi ko'ina, ina tafiya kamar wanda aka naɗa.

Da na tsaya a nan da shi ke nan. Amma gari ya ishe ni da akuyar nan. Duk inda na wuce sai a yi tari, mai shayi ma in zai miƙo kofi sai ya ce a matsar da akuya. Sai na ce bari in kashe maganar. Na yanke tarin da akuyar da hayaniyar farko daga fayil ɗin, na mayar da sabon a madadin tsohon da suna ɗaya. Ranar Alhamis na je gidan Goggo da sabuwar hula don in nuna.

Wayarta tana riƙe da guntun tsohon da ta karɓa. Ta ce wa saba daga wuri kaza. Saba ta yanko daga wuri kaza, amma na sabon fayil, wanda ya gajarce. Sai ga Baba yana tsakiyar jimla a kan haƙuri ya yi tsalle ya faɗa tsakiyar wata magana a kan zakkar hatsi. Wata maƙwabciya da ta danna tata wayar daga farko ita kuma ta ji an fara babu tari.

Goggo ta ajiye carbinta. Ta ce yayanta bai taɓa tsallake magana ba a rayuwarsa, ko gaisuwa yake sai ya kai ƙarshe. Sannan ta ce, "Tarin kuma wa ya ce ka cire? Naka ne?"

Ta ce gobe kunu na nan.

Na dawo ina addu'ar kada gajimare ya rufe. Akwai wata nafila a gefen ta farko, ita ma na tsallake ta. Mata in sun kai niƙa inji kowace takan ɗaura wa kwanonta wani ƙyalle, don kada a juye mata garin wata. Haka saba za ta riƙa ba kowane fayil shaida. Waya in ta dawo neman ragowar sai ta nuna shaidar guntun da ke hannunta. In ta yi daidai a ɗora mata, in an canja fayil a ce mata 'yar'uwa wannan ba kwanonki ba ne, karɓi sabo daga farko. Rana ta yi mini mutunci ta tsaya har na gama. Na mayar da tarin Baba da akuyarsa inda suke, na ba su haƙuri.

Juma'a bayan an sauko, maza suka taru a bakin gonata da laujuna da adduna. In ka gan su sai ka ce yaƙi za a je. Taubashina ya kawo har da amalanken da zai kwashe ganye. Tukunyar kunu na ƙofar gidan Goggo tana tururi, ita kuma tana zaune a cikin zaure, mata a bayanta. Na durƙusa na roƙi abu ɗaya: a kunna sau guda. In Baba ya koma tari, ni zan fara sara da hannuna. Ta ciro wayar daga ɗaurin zaninta. Na jona mata 'yar lasifika don na waje su ji.

Baba ya yi tari, aka matsar da akuya, ya fara. Iska na kaɗawa a hankali. Bai yi nisa ba dawa ta miƙe, murya ta ɗauke. Taubashina ya gyara tsayuwa, ya kai hannu baki ya yi tari ɗaya, yana shirin na biyu, sai Baba ya ɗora daga kalmar da ya tsaya, kamar numfashi kawai ya ja. Tari na biyu ya maƙale wa taubashina a wuya, sai da aka ba shi ruwa.

Haka aka yi ta yi. Dawa ta miƙe, Baba ya dakata, dawa ta kwanta, Baba ya ci gaba. Da farko duk katsewa sai kowa ya dubi lauje. Daga baya aka manta da laujunan, mutane suka zazzauna a kan kunya. Wasu tsofaffin da suka halarci karatun a wancan lokaci suka riƙa gyaɗa kai, wani ma ya ce akuyar tasa ce.

Can Baba ya rufe littafi, har ana jin ƙarar rufewar. Ya ce kafin addu'a yana da magana. Ya ce ƙanwarsa na ɗaki tana takaba, ba ta jin abin da ake yi a nan. Ya ce tun suna yara, in ya tafi karatu ya yi dare, akwai abin da take yi masa. A daidai nan dawa ta miƙe.

Iska ta tsaya cak. Ko ganye ɗaya ba ya motsi. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba, in da za a ɗora shi a kan jaki da ya durƙushe. Na dubi dawata, na dubi sama, na karanta duk abin da na haddace. Goggo ba ta dubi kowa ba, wayar kawai ta riƙe da hannu biyu. Sai wata 'yar iska ta taso daga arewa, ta bi ta kan gonar, dawa ta sunkuya.

Baba ya ce, "Sai ta ajiye mini rabon tuwona ta kife da kwano, ta zauna a kai, ta hana kowa taɓawa, har kaji. Ya Allah, kamar yadda ta ajiye mini nawa, Ka ajiye mata nata."

Amin ɗin mutanen cikin kaset ya haɗu da na mutanen bakin gona, ba ka iya rabewa. Goggo ta ja mayafi ta rufe fuska. Ta daɗe a haka. Ba wanda ya yi magana, har ni, kuma wannan kaɗai ya isa a rubuta a tarihin garinmu.

Da ta buɗe fuska sai ta ce a bar dawa, ba ta yi wa kowa komai ba. Taubashina ya fara tura amalankensa a hankali zai sulale. Ta kira shi. Ta ce an tara mutane, an dama kunu, gayya ba ta watsewa hannu banza: ga ƙuduji nan mai kashe hatsi ya fito a gindin dawar Mai sunan Baba, a shiga a cire shi tas. Na sami inuwa na zauna da kwanon kunu, ina nuna wa taubashina inda ya bari. Na ce masa in ya koma gida ya gaishe mini da sa, ya ce masa a yi haƙuri da bana. A ranar ko shi bai musa waye bawan wani ba.

Da kaka dawar ta ba da abin da rumbuna bai iya ɗauka ba, sai da na ari gefen na maƙwabci. Damin farko gidan Goggo na kai shi a kaina. Aka kwashe kara, fili ya sake buɗewa har gabas, magana ta daina katsewa, aikin da na sha wuya a kansa ya koma ba wanda ke ganinsa. Ban damu ba. Na koma ƙa'idar nan na bi sauran nafilfilin ɗaya bayan ɗaya ina tambayar kowace: in dawa ta tashi, ke me za ki yi mini? Wasu na ɗauka, wasu na bari, amma yanzu sai na leƙa taga na tuna da damina kafin in bari. Kowace shekara kuma kaura nake shukawa a wurin, da gangan.

Uwargida ce ta gaya mini cewa Goggo, in ta idar da sallar walaha, takan ciro wayar ta danna na ƙarshen jeri. Wani lokaci ta saurara har ƙarshe. Wani lokaci kuwa da Baba ya yi tari aka matsar da akuya, sai ta mayar da shi farko da yatsanta.